Butar da Ta Kai Ni Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta bakin gada. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Wai da gaske ne a can har kiɗa ake yi wajen makoki?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa, "Kai dai faɗi gaskiya, gamawa ka yi ko koro ka aka yi?" Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai bi gari yana cewa na ƙetare iyaka uku saboda buta. Abin haushin kuma gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa, ni kuma in samu in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zane a kwamfuta. Ina aiki a wani ƙaramin wurin ƙere-ƙere a Kano, in bi motar safe daga Wudil in dawo da yamma. Ƙofar ƙarfe, ƙafar tebur, kwandon injin markaɗe, duk abin da ke da kusurwa da miƙaƙƙen layi, ba ni awonsa in zana maka, maƙera su fitar. Amma abu mai lanƙwasa ta ko'ina, irin ludayi ko bayan takalmi, nan wayona yake ƙarewa. Na sha gwadawa, abin ya fito kamar an tauna an tofar.

Bara bayan girbi Baba ya faɗi a gonarsa ta Kausani, ɓarin jikinsa ya shanye. Allah ya tashi kafaɗunsa, baki ya dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, amma hannun hagu ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe, ba sa buɗewa sosai, ba sa kuma matsewa. Kowa ya san yadda muke alwala: ka zauna, buta tana ƙasa, ka karkato ta da hagu ka tari ruwan da dama. In Baba ya sa yatsu a mariƙin butar sai ta kuɓuce ta kife, ruwa ya bi tsakar gida. Umma ta koma zuba masa. Malamai sun ce babu laifi, shi ma ya sani, amma mutumin da ya shekara sittin yana yi wa kansa ba ya jin wannan magana. Ya fara jinkirta salla don kada ya kira wani. Daga baya ya daina fita masallacin ƙofar gida. Wata rana na ji shi ta taga yana ce wa Umma, "Yau ni ake zuba wa ruwa kamar ɗan goye."

Ana cikin haka maigidana a wajen aiki ya nuna min sanarwar wata cibiya a Kumasi da za ta koyar da zanen abubuwa masu lanƙwasa na mako shida, da sharaɗin kowa ya zo da abin da yake son ƙerawa. A gurbin wannan a takardar neman shiga na rubuta buta. Na ɗauka za su yi dariya su jefar da takardar, sai ga shi sun kira ni.

Ranar tafiya na durƙusa a bakin ƙofar Baba na ce zan je karatu. Ni ne ɗan fari, don haka tsakanina da shi gaisuwa ce da "to". Ban faɗa masa abin da zan je yi ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dubi bango ya ce, "Allah ya tsare hanya."

A babbar motar Legas Allah ya haɗa ni kujera da Hajiya Tabawa, wata 'yar kasuwa mai sarin atamfa, wadda ta fi shekara ashirin tana bin hanyar nan. Ba mu kai Kwanar Ɗangora ba ta gama sanin sunana, da garinmu, da cewa ban yi guzuri ba.

"Kai ɗan nan, Kumasi za ka da biskit guda biyu? Uwarka ta san ka fito?"

Na ce, "Hajiya, ai za a riƙa tsayawa a hanya."

"Za a tsaya mana. Sai ka ci abin da ba ka san sunansa ba, ka tsayar mana da mota a daji."

Ta buɗe wata roba ta dambun nama ta ajiye a cinyata. Daga nan na zama ɗanta, ban kuma nema ba. Ita ke faɗa min inda zan sauka in yi alwala, ita ke hana ni sayen ruwa a wurin da ba ta yarda da shi ba. Da muka isa Legas ta ja ni ta cikin hayaniyar tasha kamar akuya, har motar da za ta bi da mu gaɓar teku. A nan ta yi min huɗuba: takarduna su zauna a jikina, in an tambaye ni abu ɗaya in amsa abu ɗaya, kada in yi wa kowa Turancin makaranta.

A iyakar Seme muka sauka muka taka da ƙafa, aka buga mana hatimi, muka koma mota. Ban ga wani abin tsoro ba, sai dai daga tsallake ɗaya Turancina ya zama ba shi da amfani, kowa Faransanci yake yi. A Kwatano abin da ya tsaya min a ido shi ne mata a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙi, mace da ɗaurin ɗankwalinta da kwandon kasuwa a gaba, tana ratsa motoci ba ta ko waiwaye. Na tuna yadda aka yi mako guda ana zancen wata malamar asibiti da ta hau babur a garinmu. Togo kuwa ban san me zan ce muku a kanta ba. Na ɓare burodi a bakin shigarta, kafin in gama ci Hajiya ta ce in tattara takarduna mun zo ƙarshenta. Teku dai na gan shi a hagunmu, ya ƙi ƙarewa. Ni da nake cika baki da kogin Wudil sai na yi shiru.

A iyakar Aflao, bakin shiga Gana, na karya dokar Hajiya ta farko. Aka ce in kawo katin rigakafi, na lalube aljihu babu, ashe yana ƙasan jaka. Dole na zazzage jakar a kan tebur a gaban jami'i da layin mutane. Sai ga butoci uku sun gangaro, kowacce na raba ta biyu da zarto tun a gida don in ga kaurin robar da yadda aka haɗa bakin. Jami'in ya ɗaga rabi ɗaya, ya leƙa cikinta, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa. Wanda aka kira ɗin ya juya ta a hannu, sai na ji ya ce da Hausa, "Malam, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Shi ya yi wa kansa. Ɗana ne, injiniya ne, ka san su boko in ya yi yawa."

Na yi masa bayani a gajarce. Ya daina murmushi, ya ce tsohuwarsa ma hannunta ya mutu shekara biyu ke nan, 'yarsa ke zuba mata ruwa. Shi da kansa ya taya ni mayar da butocin cikin jaka. Hajiya kuwa ba ta bar zancen katin ba har muka shiga Kumasi.

Ita ta kai ni masauki a Zango, unguwar Hausawan garin, gidan Alhaji Seidu, inda ta saba sauka. Gida ne na haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa. Alhaji Seidu dattijo ne mai dariya da dukkan jikinsa. Kakansa fataken goro ne suka zo da shi daga ƙasar Kano, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Da ya ji daga Wudil nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Wudil mai kasuwar shanu! Har yanzu Juma'a take ci?"

Na ce har yanzu. Ya juya yana shela wa mutanen gida, kamar shi ya kafa kasuwar. Hausarsu Hausa ce, sai dai ta sha ruwan wani wuri, kwana biyu na yi ina cewa "na'am?" kafin kunnena ya saba.

Abinci kuwa, da safe koko da ƙosai, wannan ba baƙona ba ne, sai dai kokonsu yana da yaji har ya sa ka gumi. Shinkafa da wakensu ja ce, kuma ba a barin ta ita kaɗai: a zuba taliya, a barbaɗa gari, a ɗora ƙwai, a kawo wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi, duk a ganye ɗaya. Na ce wa mai sayarwa ta rage, ta dube ni kamar na zage ta. Wanda muka daɗe muna rigima da shi shi ne dokunu, wani curin masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawonta. Ranar farko na rantse ya lalace, na kai wa Alhaji Seidu ƙara. Ya gutsura ya ce wannan ma bai yi tsami ba. Kafin in baro garin ni ke aike a sayo min.

Asabar ta farko na tafka abin kunyar da ake ta tambayata. Na fito na tarar an rufe titi da rumfuna, kujeru reras, kiɗa na tashi, mutane sun sha baƙaƙen zannuwa da jajaye, ga hoton wani dattijo ƙato an kafa. Na ce a raina wannan ango ya manyanta. Aka yi min hannu in zo, na bi layi ina gaisawa daga dama zuwa hagu yadda na ga ana yi, kowa na kama hannunsa ina taya shi murna da fara'ata. Sai da na kai ƙarshen layi wata mata ta raɗa min cewa dattijon ya rasu wata biyu da suka wuce, yau ake binne shi. Mu da muke kai mamaci kafin rana ta juya, mu zauna a tabarma shiru, ina zan gane? Ban yi musu dariya ba, don na ga masu kuka a cikin masu rawar. Amma titin nan ban sake bin sa ba.

Ranar fara karatu na isa na tarar da ƙofa a kulle, na zauna ina ta masifa a raina cewa mutanen nan ba su san lokaci ba. Agogon hannuna ne yake kan lokacin gida, su kuma suna bayanmu da awa guda.

Mu goma sha biyu ne a ajin. Malamarmu, Madam Akosuwa, gajeriyar mace ce mai furfura, ta shekara da shekaru tana zana kujeru da kayan kicin. Ba ta ɗaga murya, amma in ta tsaya a bayanka sai linzamin kwamfuta ya fara zame maka. Kwana biyun farko ba ta bari mun kunna komai ba. Ta raba mana cokula da ƙwai da mangwaro, ta ce mu rufe ido mu shafa, mu faɗi inda lanƙwasa ta fara da inda ta canza. Na ce a raina, na baro Wudil don in shafa mangwaro.

Sai a rana ta uku na gane inda ta dosa. Ta ce abu mai lanƙwasa ba a gina shi kamar bulo, yadda na saba. Layuka ake fara ja su zama ƙashi, sannan manhajar ta shimfiɗa fata a kansu, kamar yadda ake ɗaure fata a bakin ganga. In ƙashin ya karkace, babu dabarar da za ta gyara fatar. Kowane layi kuma yana da 'yan ɗigogi da ake ja don a lanƙwasa shi. Ni da son gwaninta na zuba wa layin cikin butata ɗigo arba'in. Ta zo ta tsaya, ta karɓi linzamin, ta goge ta bar biyar. Layin ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ta ce, "Duk ɗigon da ka ƙara, ka ƙara wurin da hannu zai ji tuntuɓe." Na ji haushi, don na ɓata yini guda a kansu.

Akwai kuma abin da muke kira jakin dawa. In ka danna shi sai manhajar ta watsa ratsin fari da baƙi a jikin abin da ka zana. Inda fata biyu suka haɗu lafiya, ratsin zai wuce sumul. Inda haɗin na ƙarya ne, ko ido bai gani ba, ratsin zai karye ya tona maka asiri. Abokin zamana Kofi, mai zana hular kwano ta 'yan babur, kullum sai ya yi addu'a kafin ya danna.

A ƙarshen mako na uku na gama butata. Rabi na zana, na sa manhajar ta kwafe shi ta ɗaya gefen, ta fito daidai wa daida. Ratsin jakin dawa ya bi ta tun daga baki har gindi babu karaya. Wallahi ta yi kyau, har na ɗauki hotonta. Madam Akosuwa ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Wa zai yi amfani da ita?"

Na ce mahaifina, na faɗa mata larurarsa.

"Nuna min yadda ake yi."

Na ɗauko butar da nake alwala da ita, na tsuguna a tsakiyar aji na nuna. Ta sa na maimaita sau uku. Ta ce ita duk zatonta ɗaga ta ake yi kamar tukunyar shayi, ashe a ƙasa take zama, karkato ta kawai ake yi. To me ya sa na yi mata gindi shafaffe, wanda sai an yi ƙarfi kafin ya karkata? Sannan ta ce, "Ina awon hannun nasa?"

Na ce ban auna ba.

"To kwatanta min. Da ka riƙe shi, yatsun ina suke tsayawa?"

Na ce ban taɓa riƙe hannun mahaifina ba.

Kofi ya ce, "Kun yi faɗa ne?" Shi da babansa tare suke kallon ƙwallo, har ya dafa kafaɗarsa. Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa a wajenmu ɗa ba ya miƙa wa uba hannu, durƙusawa yake yi, balle ɗan fari, wanda uban ko sunansa ba ya kamawa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma girmamawa ce. Ina magana ina jin raina yana ɓaci, don na ga wasu suna kallona da tausayi, ni kuwa ba abin tausayi na faɗa ba.

Madam Akosuwa ta bari na gama. Ta ce, "Ban ce al'adarku tana da laifi ba. Amma dubi mariƙin nan da ka zana. Hannunka zai yi wa daidai, kai kuma lafiyarka ƙalau."

Na koma masauki ban ci abincin rana ba. Mako uku sun tafi, kuma butar da na yi ba ta fi ta kasuwa da komai ba sai kyau.

Da la'asar na kira ƙanwata. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, don haka Iya yake kiran ta, mu ma haka. Malamar firamare ce, tana aure a Utai da 'ya'yanta uku, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya ce wa Baba ya yi shiru ya yi. Na ce ta je wajen magina tukwane ta samo yumɓu mai laushi, ta mulmula shi kamar kaurin rake, ta sa masa a hannun hagu ya matse iya ƙarfinsa, sannan ta ɗauko min hoton yumɓun ta sama da ta gefe da ta gaba, da rula a kusa.

"Yaya, kai fa ba ka da dama. In ce masa me?"

"Ki ce aikin makaranta ne."

Washegari ta kira tana dariya. Wai da ta faɗa masa sai ya ce, "Su Kumasin ba su da laka ne?" Ta ce masa, "Uwarka ce ta ce ka matse." Ya matse. Hotunan farko duk a karkace suka zo, ɗaya ma rabinsa yatsanta ne. Muka yi 'yar rigima, ta ce in na matsa mata in zo in ɗauka da kaina, sannan ta sake turo wasu masu kyau.

Na buɗe su a kwamfuta na daɗe ina kallo. Abin da na zata ba shi na gani ba. Babban yatsan bai zagayo ba sam, kwantawa ya yi a gefe. Manuniya da na tsakiya sun nutsa sosai, ƙaramin kuwa da ƙyar ya taɓa yumɓun. Duk ƙarfin da ya rage wa mutumin da ya noma abin da ya ciyar da mu, ga shi nan a yatsu biyu. Tausayi ya kama ni, kunya kuma ta kama ni, don shekara guda muna gida ɗaya ban san haka ba.

Daga nan aikin gaske ya fara. Na jera hotunan uku a manhajar, kowanne ta fuskarsa, na bi gefen yumɓun da layuka. Zancen zana rabi a kwafe ya ƙare, don mariƙin nan ba shi da gefe biyu masu kama da juna, murɗewa ya yi zuwa hagu, da kwari biyu masu zurfi da shimfiɗar da babban yatsa zai kwanta. Haɗa shi da cikin butar ya ci min kwana tara. In na gyara sama ratsin ya karye a ƙasa, in na gyara ƙasa sai wata 'yar kafa ta buɗe tsakanin fata da fata, wadda in aka fitar da butar haka ta nan ruwa zai bi. Sau biyu ina share komai in koma kan layukan farko. Madam Akosuwa ba ta taɓa min linzami ba a wannan karon, sai dai ta wuce ta ce, "Rage ɗigo."

Gindin kuma na yi masa baya shafaffe don ta zauna, gaba mai lanƙwasa don ta mirgina da an ɗan tura ta. Cibiyar tana da injin da ke narka roba yana ɗora ta hawa-hawa har abin da ka zana ya tashi a gabanka. Ta farko da muka fitar, ana cika ta da ruwa ta kife da kanta. Ta biyu ta zauna, amma bakinta a gindinta yake zubar da ruwan. Alhaji Seidu ne ya zama mai gwaji. Ya sa na ɗaure masa yatsu uku na hagu da hankici, ya zauna a kujerar tsuguno a tsakar gida, matan gidan suna leƙe suna ba da shawara. Da ta ukun ta zo, ya saƙala yatsu biyu ya tura, ruwa ya zubo siriri a tafinsa, ya saki ta koma ta zauna. Ya yi alwala cikakkiya. Da ya gama ya ce, "Ɗan Kano, kwance ni, ka tafi gida."

Dawowa ba ta da labari. Na naɗe butar a cikin babbar rigata, na riƙe ta a cinya iyaka uku, katin rigakafi kuma yana aljihun gaba. Na shigo Wudil ranar Alhamis, motocin shanu sun cushe gada, sai da na sauka na ƙarasa da ƙafa.

Iya tana gida tana jirana. Na gaida Baba daga bakin ƙofa, ya ce, "An dawo lafiya?" na ce lafiya lau. Butar kuwa Iya na ba, na ce ta cika ta ta ajiye masa inda yake zama, kada ta ce komai, ita da Umma su shige ɗaki. Ni na koma zaure na zauna. Tsoro nake ji ƙwarai. In ta kife a gabansa, na san ba zai sake taɓa ta ba, kuma na ƙara masa wani ciwon a kan wanda yake da shi.

Aka kira La'asar. Na ji ƙarar sandarsa, na ji ya zauna. Shiru ya yi tsawo har na fara miƙewa. Sai na ji zubar ruwa, kaɗan, ta tsaya. Ta sake zubowa, ta tsaya. Ina zaune ina bin sa a raina, wannan hannu ne, wannan baki, wannan fuska. Ban ji faɗuwar komai ba.

Can sai ga shi ya shigo zauren, gemunsa yana ɗiga, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu, ya doshi ƙofar waje. Na tashi na raɓe in ba shi hanya. Ya zo daidai ni ya tsaya. Ya jingina sandar a bango, ya tallabo hannun hagun da na dama, ya miƙo min.

"Nan wajen babban yatsan tana ɗan cizo. Duba ka gani."

Na karɓa da hannu biyu. Mako uku ina juya hannun nan a kwamfuta, na san kowane lungu nasa, amma ban san yana rawa ba, yumɓu bai nuna min wannan ba. Ga jan wurin nan a gindin yatsan, inda gefen mariƙin ya goge shi. Na ga kuskuren, layi ɗaya ne na matse da yawa. Na ce zan gyara, in ya ba ni ita gobe in tafi da ita Kano.

Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗauki sandarsa.

"Ka gyara wata," ya ce. "Wannan bar min ita, da ita zan yi Magariba."